Kalmar “get” ta Turanci: ina ainihin ma'anarta?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Da fatan kana lafiya, ya ƙoƙari? Allah ya ƙara basira. Tambayata a kan kalmar nan ce ta Turanci, “get”. Tun muna makaranta aka ce mana ma'anarta “samu”, ni kuma a haka na riƙe ta. Yanzu da na dage da karatu da sauraron Turanci sai na ga abin ya ƙi tafiya. Idan aka ce “I got a letter” na gane, wasiƙa aka samu. To amma “it's getting dark” fa, da “we got there late”, da “I don't get it”, da “he got arrested”? Me aka samu a nan? Na buɗe ƙamus na tarar ma'anoninta sun cika shafi, kaina ya ɗau zafi na rufe. Sannan wani malaminmu ya hana mu rubuta ta, wai ba Turancin masu ilimi ba ce, ya kuma ce “gotten” kuskure ne, alhali ina yawan jin ta. Don Allah Malam a warware mini wannan ƙulli.

Daga wata ɗalibarka.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Amin, na gode.

Bari in fara juya miki tambayar. A ce wani Bature mai koyon Hausa ya tare ki ya ce ki faɗa masa ma'anar “ci”. Za ki ce masa ai sa abu a baki ne a tauna a haɗiye. Ya rubuta ya tafi. Kwana biyu sai ga shi ya dawo a ruɗe: ya ji an ce wane ya ci jarrabawa, wance ta ci zaɓe, an ci amanar wani, wancan ya ci bashi, kotu ta ci wani tara, gobara ta ci gida, aiki ya ci kwana uku, da ya yi ƙorafi kuma aka ce masa ya daure ya ci gaba. To me aka tauna a nan? Ke waɗannan ba su taɓa ba ki wahala ba, kuma na tabbata ba ki taɓa zama kin haddace ma'anonin “ci” ɗaya bayan ɗaya ba. Kunnenki ne ya saba. Da ya ji “ci” sai ya dakata ya ji abin da zai biyo baya.

Abin da ya sami Baturen nan shi ya same ki. Kowane harshe yana da wasu 'yan aikatau da ya mayar jakunan kaya, komai aka tashi ɗauka su ake ɗora wa. Mu muna da ci, sha, yi, kama, buga; Turanci yana da get, take, make, put, set, run. Get ba ita ce ma ta fi kaya ba. A babban ƙamus na Oxford, bugun 1989, set ce kan gaba da ma'anoni 430, da aka sake bitar run a 2011 kuwa sai aka lissafa mata 645. Babu Baturen da ya san su a ka. Don haka ban ga laifinki ba da kika rufe ƙamus, hanyar ce ba mai ɓullewa ba.

Wanda ya ce miki get na nufin “samu” bai yi ƙarya ba, tushen ke nan. Amma duba abin da ke cikin samu: da ba ki da abu, yanzu kina da shi. An tashi daga wani hali an koma wani. Wannan sauyin shi get take ɗauke da shi kusan duk inda ta shiga, ko abu ne ya shigo hannu, ko mutum ne ya shiga wani yanayi, ko ya kai wani wuri. Wane irin sauyi ake nufi kuwa, kalmar da ta biyo bayanta ce za ta faɗa miki, kamar dai yadda kike yi da “ci”.

Idan suna ne ya biyo, nan “samu” ɗinki take aiki, sai dai ta fi tamu faɗi. “She got a job”, ta sami aiki. “I got a new phone”, na yi sabuwar waya, kuma jimlar ba ta ce saya na yi ko ba ni aka yi ba. Get ba ruwanta da hanyar da abu ya bi ya zo, ba ruwanta kuma da ko alheri ne ko akasinsa. “He got a prize” da “he got five years” gininsu ɗaya, amma na farko kyauta ya ci, na biyu shekara biyar alƙali ya yanke masa. “I got a cold”, mura ta kama ni. Mu cuta ce ke kama mutum, su mutum ne ke samun cuta. Idan aka sa mutum a tsakani sai ta koma ɗauko: “get me a chair”, ɗauko mini kujera. Ana ƙwanƙwasa ƙofa kuma sai a ce miki “can you get the door?” Ba ƙyauren za ki ciro ki kawo ba, je ki duba ko wane ne.

“I don't get it” ɗinki ma 'yar gidan nan ce. Abin da aka kasa samu shi ne ma'ana, zancen bai shiga ba. Mu ma ai mukan ce ban kama bakin zaren ba, mun mayar da fahimta abin da ake kamawa da hannu. Inda za ki yi hattara shi ne idan mutum ne ya biyo bayan get. “I'll come and get you at six”, zan zo in ɗauke ki da ƙarfe shida, wannan lafiya lau. “The police got him”, 'yan sanda sun cafke shi. “I'll get you for this” kuwa barazana ce, za mu gamu, sai na rama. “What gets me is...”, abin da ke ƙona mini rai shi ne kaza.

Yanzu ga inda nake so ki natsu. Idan sifa ce ta biyo, an bar “samu” an koma “zama”. Abin da ya sa wannan yake mana baƙo shi ne Hausa ba ta bukatar ɗan rakiya a nan. Muna da aikatau guda da ke ɗauke da sauyin a cikinsa: gaji, tsufa, jiƙe, warke, fusata. Turanci kuwa sifa gare shi, tired, old, wet, angry, ita kuma sifa a zaune take, ba ta motsi. In ana son a nuna mutum yana cikin halin sai a sa be, in ana son a nuna shigarsa cikin halin sai a sa get. Abin daɗin shi ne kin san wannan bambanci tun kina yarinya, ko da ba a taɓa sa masa suna a gabanki ba. “A jiƙe yake” da “ya jiƙe”. “A fusace take” da “ta fusata”. “A gajiye nake” da “na gaji”. Na farkon kowanne shi ne “it is wet”, “she is angry”, “I am tired”. Na biyun shi ne “it got wet”, “she got angry”, “I got tired”. Sai dai ki lura, mu mukan ce “na gaji” muna nufin halin da muke ciki yanzu. A wannan wurin Bature “I'm tired” zai ce. “I got tired” labari ne na lokacin da gajiyar ta sauko: na yi ta jira, na gaji, na tafi.

To “it's getting dark” duhu ne ya fara shigowa, bai gama rufewa ba. Ing ɗin ita ke nuna ana kan hanya. Haka “it's getting worse”, abin sai ƙara lalacewa yake yi, da “we're getting old”, girma na kama mu, da “he's getting better”, yana samun sauƙi. Kin ga a ta ƙarshen “samu” ta dawo ta wata ƙofar.

Aure shi ne misalin da na fi so, don a nan ɗalibai suka fi zamewa. “She is married”, matar aure ce. “She got married”, ta yi aure, ana nufin ranar da abin ya faru. Ranar kuwa ɗaya ce, ba ta miƙewa shekara goma, shi ya sa “they got married for ten years” ba ta zauna ba. “They have been married for ten years” ake cewa. Kuma to ce ke biyo baya, “she got married to a teacher”. Bahaushe with yake fara kai wa hannu, don “da” ɗinmu tana jan sa. Haka sabo: “I'm used to it”, na riga na saba, “I'm getting used to it”, ina kan sabawa, in kuma aikatau ne zai biyo sai ya ɗauki ing, “I got used to waking early”.

Akwai tarko a nan. Wannan “zama” da sifa kaɗai take aiki, da kin sa suna get ta koma gidanta. “He got rich”, ya yi arziki. “He got a doctor” kuwa likita ya samo, bai zama likita ba. Zama likita sai become: “he became a doctor”.

“We got there late”: wuri ne ya biyo, ma'ana isa. Mun isa a makare. Sunan wuri yana ɗaukar to, “we got to the airport”, amma home, here da there ba sa karɓarta, “I got home” ake cewa. Go tana kallon tashi da tafiya, get tana kallon ƙarshen hanya, sau da yawa har da ɗan ƙamshin wahalar da aka sha kafin a kai. Shi ya sa mai neman kwatance yake cewa “how do I get to the station?”, ta ina zan bi in kai.

Daga wannan motsi ne rundunar nan ta fito da ta cika miki shafin ƙamus: get in, get out, get up, get on, get off. Na zahirin ba wuya, shiga, fita, tashi, hau, sauka. Abin lura kawai abin hawa. Bas, jirgin ƙasa, jirgin sama, keke da doki “get on” ake yi, a yi “get off”. Ƙaramar mota da tasi kuwa “get in”, a yi “get out of”.

Na aron su ne masu daɗi, kuma kada ki haddace su kamar lambar waya, nemi hoton da ke cikinsu. Over tsallake katanga ne, don haka “she got over the illness” ta tsallake ciwon, ta murmure. Haka ake cewa ga baƙin ciki. Through ratsawa ne ta tsakiya har a ɓulla, “we got through a hard year”, mun ga bayan shekara mai wuya. By raɓawa ne ta gefe, “we get by”, muna dai lallaɓawa. Away with tserewa ne da abu a hannu, “he got away with it”, ya yi ta'asa ya sha. “They get along”, ko “they get on” a bakin mutanen Birtaniya, suna jituwa, tafiyarsu ta zo ɗaya. “What are you getting at?”, ina zancenka ya dosa? Ba duka ne hotonsu yake a fili ba. “Get rid of”, wato rabuwa da abin da ya dame ki, riƙe ta kawai za ki yi yadda ta zo.

Saura “he got arrested”. Abin da ya biyo a nan shi ne siffar aikatau ta uku, irin su broken, caught, paid, wadda Turanci ke ɗauka idan zancen na wanda aka yi wa aiki ne. Mu “an” muke sawa, an kama shi. Za ki ce ai “he was arrested” ma haka take nufi. Gaskiya ne, amma ba ko'ina suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba. “The window was broken” fuska biyu gare ta: ko an fasa tagar, ko a fashe aka same ta. “The window got broken” fuska ɗaya ce, abin ya faru, taga ta fashe. Sauyin nan dai ne ya sake leƙowa. Wannan gini ya fi yawa a abin da ya auka wa mutum ba shiri, got hurt, got caught, got fired, ko da yake ana jin sa a abin murna ma, got promoted, got paid. Wani lokaci har da ɗan zargi a ciki: “he got himself arrested”, shi ya jawo wa kansa. Ba a yin sa da hali zaunanne; “she is loved” da “it is believed” ba sa karɓar got. Akwai kuma 'yan kaɗan da babu wani na waje da ya yi aikin, “get dressed” sa kaya, “get changed” sauya kaya, “get lost” ɓatan hanya. Ta ƙarshen in aka daka miki ita da tsawa kora ce, ɓace mini da gani. Kada ki gwada ta a kan wanda kike ganin girmansa.

Akwai ginin da ba ki kawo ba amma za ki bukace shi kullum, inda get take zama “sa”. “I got him to sign”, na sa shi ya sa hannu, da alamar sai da na shawo kansa. “I made him sign” tilasta shi na yi, “I let him sign” ƙyale shi na yi. Make da let ba sa ɗaukar to a nan, get kuwa dole ne. In abu ne a tsakani, “I got my phone repaired”, na kai an gyara mini waya, ba ni na gyara da hannuna ba. Amma “I got my bag stolen”, wadda gininta ɗaya da waccan, hankali ne zai raba miki su. Babu wanda ya ɗauki hayar ɓarawo, sace masa aka yi.

Sai wasu tagwaye da harafi biyu kacal suka raba. “I got to see her”, na sami damar ganinta. “I've got to see her”, dole ne in gan ta. A magana mai sauri akan haɗiye haruffan biyu a ce “I gotta go”, sai yanayin zancen ya nuna miki dole ake nufi.

Ita “have got” ɗin ma abin kallo ce. A ginin nahawu “I have got” na nufin na riga na samu. To wanda ya riga ya samu ai yana da shi, sai ma'anar ta zame a hankali daga samun ta zauna a kan mallakar. Yau “I've got two brothers” ina da 'yan'uwa maza biyu, babu wani samu da aka yi. Ita da 'yar'uwarta ta dole su ne get ɗin da ba sa motsi. Ki riƙe haka: “I got” na samu, “I've got” ina da. Mutanen Birtaniya sun fi cewa “have you got a pen?”, Amurkawa “do you have a pen?”, kowa kuma yana gane na kowa. In abin ya wuce had kaɗai ake sawa, “I had a car”.

Mu zo ga malaminku. Gotten ba kuskure ba ce, ta ma girmi got a wannan matsayi. Da ita a bakinsu Turawan Ingila suka ƙetare teku lokacin da suka fara kafa matsugunai a Amurka, tun daga Jamestown a 1607. A gida sai ta yi ta ja da baya har daidaitaccen Turancin Birtaniya ya tsaya a kan got, amma sawunta na nan a forgotten da “ill-gotten gains”, wato dukiyar haram. Amurkawa suka riƙe biyun suka raba musu aiki, kuma a ganina sun ci riba: “I've got a car” ina da mota, “I've gotten a car” na sami mota, “she's gotten better” ta sami sauƙi. Ba sa sa gotten a wurin mallaka ko dole. In Turancin Birtaniya malaminku yake koyarwa, kuma a kansa za a yi muku jarrabawa, yana da hujjar ja mata layi. Sai dai “ba tamu ba ce” ya kamata ya ce. Ke dai zaɓi ɗaya ki bi a rubutu guda.

Batun cewa get ba ta masu ilimi ba ce kuwa yana da tarihi. Kalmar ta shigo Turanci ne daga harshen 'yan Viking, mutanen yankin Denmak da Nowe, waɗanda suka fara da kai wa Ingila hari ta ruwa, irin wanda suka kai tsibirin Lindisfarne a 793, daga baya suka zauna a arewa da gabashin ƙasar suka cuɗanya da mutanenta. A harshensu geta ce, kuma su suka bar mata g ɗin nan mai ƙarfi irin ta “gefe”. Su ne kuma suka bar wa Turanci take, leg, skin, sky, window, har da they da them, kalmomin gida da jiki da hira. Get ta fara bayyana a rubutun Turanci wajen shekarar 1200. Kafin nan, a 1066, mutanen Normandi sun zo daga arewacin Faransa sun ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na kusan shekara 300, Latin kuma yana riƙe da coci da makaranta. Ta wannan ƙofa receive, obtain, acquire, arrive da purchase suka shigo, da rigar manya a jikinsu. Har yau kunnen Bature yana jin bambancin: get ta tsakar gida ce, obtain ta ofis. Mu ma muna da irin wannan tsakanin kalmominmu na asali da waɗanda muka aro daga Larabci, gane da fahimta, zo da halarta. Wanda ya ce ya halarta bai fi wanda ya ce ya zo iya Hausa ba, wurin faɗar ne ya bambanta.

Don haka malaminku yana da rabin gaskiya. A takardar neman aiki ko rahoto ko rubutun bincike “I received your letter” ta fi “I got your letter” dacewa, kuma ɗalibin da ya jera get biyar a sakin layi ɗaya ya nuna bai wahalar da kansa ya nemi kalmar da ta fi fayyace nufinsa ba. Ina jin da irin wannan ɗalibin ne malaminku yake faɗa. Amma in aka mayar da shawarar doka sai ta haifi wata cutar. Na taɓa duba rubutun wani ɗalibi da aka tsorata shi haka, ya bi duk get ya maye gurbinta da obtain, har ya rubuta “I obtained a headache”, sai ka ce ya cike takarda ya bi layi aka miƙo masa ciwon kai. Obtain sai abin da aka nema da gangan. A hira kuma wanda ya ce “I arose at six and boarded the bus” bai karya nahawu ba, amma za a dube shi kamar mai karanta sanarwa. Get up, get dressed, get on, get rid of, da su kowa yake magana, farfesa da direbansa.

In kin koma ga ƙamus, fara duba jimlarki tukuna: me ya biyo bayan get, suna ne, sifa ce, wuri ne, ko mutum ne da to? Sannan ki nemi wannan ginin kaɗai ki bar sauran shafin. In za ki adana a littafinki, rubuta jimlar sukutum, kada ki tsame kalmar ita kaɗai.

Inda wannan dabara ba za ta fisshe ki ba shi ne idan it ce kawai ta biyo, don it ba ta faɗar komai. A nan sai ki dubi abin da ke faruwa a gabanki. Kin yi wa mutum kwatance ya ce “got it”, ya gane. Kin tura masa saƙo kin tambaya ko ya shiga ya ce “got it”, ya iso. Kin jefa masa makulli ya ce “got it”, ya cafe. Yana ɗauke da kaya kin miƙa hannu za ki taya shi ya ce “I've got it”, bar shi, na riƙe. Aka ƙwanƙwasa ƙofa kuna zaune ya ce “I'll get it”, yi zamanki, shi zai je ya buɗe.